Tun da Mahaifar 'Yata ta Fashe Na Hana Mijinta Shiga Gidana

Malama mai wannan fili, ina yi miki sallama. Don Allah ki taimake ni, ki duba tawa kafin ta kowa, domin abin ya kai ni bango, lokaci kuma ya ƙure.

Ni tsoho ne, walda ce sana'ata. Ban taɓa zama a aji ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Maƙwabcina mai gyaran agogo, wanda shagonsa ke manne da nawa, shi yake karanta min filin nan naki, shi ne kuma yake rubuta wannan. Na ce ya rubuta yadda ta fito daga bakina, kar ya ƙara mata gishiri, kar ya rage. Sau da yawa in ya karanta amsarki nakan ce kin cika lallashi, amma ban taɓa jin kin yi wa mutum ƙarya ba.

'Ya'yana maza duk sun kama gabansu, sai sun ga dama su bugo waya. Mace ɗaya gare ni, ita ce ƙaramarsu, Auta muke ce mata har yau. Uwarsu ta rasu tana 'yar mitsitsiya, don haka a shagon nan ta girma, zaune a kan tsohuwar taya, bayanta ga wuta, don kar hasken walda ya ci idonta kamar yadda ya cinye nawa. Ni na koyi yi mata kitso da waɗannan yatsun masu kanta. Kitson ba kyau, amma ba ta taɓa kwance shi a gabana ba.

Mijinta ma'aikacin ofis ne, mai tafin hannu kamar na jariri. Ita ta kawo shi, ni kuma ban hana ba. Amma tun farko na san irinsa. Da zai sa ƙofar gidansa, kanti ya je ya sayo mai ƙyalƙyali, irin wadda yaro zai lotsa da gwiwa, alhali surukinsa ƙofofi yake yi tun kafin a haife shi. Wai ba ya so ya wahalar da ni. Har yau ban manta ba.

Haihuwarta ta fari yarinyar a zaune ta zo, aka yi mata aiki aka ciro ta. Ita ce amaryata, mai raina ni, kullum sai ta ce na tsufa ba ta yi da ni. Auta ta sha wuya bayan aikin nan. Ɗinkin ya yi ruwa, ta daɗe tana tafiya a duƙe kamar tsohuwa. Ga matan unguwa da baki, wai ba ta san zafin haihuwa ba, an buɗe an ɗauko mata kamar kaya a akwati. Tana dariya in an faɗa, amma ni na raine ta, na san dariyar da ba ta kai ciki ba.

Da ta samu ciki na biyu ba ta taɓa fashin awo ba. Lokaci ya yi, ya wuce, shiru. Aka ɗauki hoton cikin, likita ya ce ruwan da yaron ke kwance a ciki ya fara raguwa, ba za a ƙara jira ba. Ya ce hanya biyu ce: ko a sake yi mata aiki, ko a sa mata ruwan naƙuda a hankali a gani ko za ta haihu da kanta. Ya ce ta biyun akwai haɗari saboda tsohon ɗinkin, amma da yawa suna yi su sauka lafiya. Ya ce su je su yi shawara. Mijin ya fi son aikin. Ita kuma tana tsoron wuƙa, kuma an gaya mata wadda ake yanka ba ta tara 'ya'ya, ita kuwa gida cike take so irin na uwarta.

Da hantsi ta zo shagona da cikin nan har yana rinjayarta, ta zauna a kan benci, ta ce tana so ta gwada da kanta amma tana tsoron kar wurin ɗinkin ya buɗe. Idonta ya kawo ruwa. Malama, wane uba ne zai ga haka ya yi shiru? Na ɗauko guntun rodi guda biyu, na haɗa su da walda a gabanta, na bari ya huce, na ɗora a kan maƙera na yi ta dukansa da guduma. Ƙarfen ya lanƙwashe ta gefe, wurin haɗin ko gezau. Na nuna mata, na ce abin da aka haɗa da kyau, mahaɗin ya fi sauran jikin ƙarfi, haka na sani tun ina saurayi, kuma ban taɓa ganin ƙofata ta ɓalle a mahaɗi ba. Ta yi dariya, ta ainihi wannan karon, ta share hawaye, ta ce in ajiye mata guntun ƙarfen. Na faɗi wannan ne don ki san lafiya lau ta bar wurina, da ƙwarin gwiwarta. Ni ƙarfafa mata zuciya na yi, aikin uba ke nan.

Washegari aka kwantar da ita, aka ɗaura ruwan. Na rufe shago na je da rana. Wata nas mai kaifin baki ta kore ni zuwa baranda, wai maza ba sa shiga. Muka zauna ni da mijin a benci ɗaya, yana ta danna waya yana tashi yana zama, har ya ishe ni. Daga baya Auta ta gaya wa gwaggonta, wato ƙanwata, cewa ta ji wani ciwo daban daidai wurin ɗinkin, wanda ba ya lafawa kamar na naƙuda, ta faɗa, aka ce mata ai haka naƙuda take, ita ce ba ta saba ba. Nas ɗaya ce a kan mata cike da ɗaki.

Can sai muka ga ana gudu. Aka turo ta a gado mai taya ta gabanmu, leɓenta fari fat, idonta a buɗe amma ba ta gane ni ba, zanen gadon ya jiƙe. Aka ce a nemo jini. Na miƙa hannuna, suka ce na tsufa. Ni da nake ɗaga ƙofar ƙarfe ni kaɗai, jinina bai isa a ba 'yata ba. Na mijin aka ɗiba, da na wasu abokan aikinsa da ya kira.

Da likita ya fito ya ce mahaifar ta yage a tsohon ɗinkin. Yaron bai zo da rai ba. Namiji ne, cikakke, da sumarsa baƙa wuluk. Ita kuma don a tsayar da jinin sai da aka cire mahaifar gaba ɗaya. Ba ta farfaɗo ba muka kai shi makwancinsa. Uban ne ya ɗauke shi a hannu, ni fuskar kawai na gani, sau ɗaya, kuma har yau in na sauke baƙin gilashi a idona ita nake gani.

Da aka sallame ta na ce gidana za ta. Mijin ya ɗauka na kwana biyu ne, ya kawo ta da kansa har ɗaki. Da ya dawo da yamma na tare ƙofa na ce iyakarsa nan. Yau ana neman wata biyu. Kullum in ya tashi daga aiki sai ya zo da yarinyar da ledar magani, ya tura ta ciki wurin uwarta, shi kuma ya durƙusa a bakin shagona da ke ƙofar gidan ya gaishe ni. Ba na amsawa. Wani lokaci nakan tayar da inji ko ba ni da aiki, don kar in ji muryarsa. Ya tsaya jikin bango har yarinyar ta fito, ya ce a tashi lafiya, ya tafi.

Ga hujjata, ki auna. Ni ban yi karatu ba, shi ya yi. Shi likita ya yi wa bayani da turancinsu. Shi ya san aikin ya fi, da bakinsa ya faɗa. To me ya hana shi tsayawa a kan maganarsa? Namiji ne ko hoto? Mace mai ciki tana kuka sai ka ce to, yadda kike so? Kuma ƙanwata ta ce Auta ta ba shi labarin ƙarfen nan a ranar. In ya san ba haka jikin mutum yake ba, shagona ba nisa, me ya hana shi zuwa ya ce min Baba, ba haka ba ne? Da na yi masa faɗa, na sani, amma da na ji. Ya yi shiru ya bar ta ta hau gadon nan. Har yau kuma bai taɓa ɗaga maganar ba, sai gaisuwa da sunkuyar da kai. Shirun nan nasa raini ne, ni na san raini in na gan shi.

Auta ba ta magana. Nono ya kawo ba mai sha, ta ɗaure ƙirji da zane, ina jin ta ta bango. Abinci sai an yi da gaske. Tana zama jikin taga daidai lokacin zuwansa, ta ɗauka ban lura ba. Sau ɗaya ta buɗe baki ta ce min ita ta zaɓa, ba wanda ya tilasta mata, in bar shi ya shigo. Na ce ciwo ne ke magana. Ƙanwata kuma ta zo tana min wa'azi, wai ni ma na san abin da ke cin raina, ba mijin Auta ba ne. Na ce ta ɗauki mayafinta. Ba ta sake zuwa ba.

Na aika wa kawunsa, wanda ya karɓa masa auren, na ce ya zo ƙarshen watan nan, a gabansa zan ce wa mijin ya ba ta takardarta. Mutumin da bai iya tsare ta tana da mahaifa ba, yaya zai riƙe ta yanzu da ba ta da ita? Yau yana durƙuso, gobe danginsa za su fara zancen ɗa namiji, a mayar min da 'ya abin tausayi. Gara in raba da hannuna tun da sauran mutunci. Ni zan riƙe ta, na riƙe ta a da.

Mai agogo ya ajiye biro ya ce shi ba da yawunsa ba, na ce ba ra'ayinsa na tambaya ba. Ke nake tambaya. Ki gaya min ina da gaskiya, ki kuma koya min yadda zan yi Auta ta gane gata nake mata, domin yanzu in na shiga ɗaki bango take juya wa fuska, ni kuma ba ni da kowa sai ita.

Tsoho Mai Walda

AMSA

Baba, na amsa sallamarka. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya sa yaron ya zama mai ceto, ya ba Auta lafiya. Ka ce ban taɓa yi wa mutum ƙarya ba, to ba zan fara a kanka ba.

Ni ba likita ba ce, don haka na kai wasiƙarka wurin wata likitar mata na tambaya. Ta ce macen da aka yi wa aiki sau ɗaya tana iya gwada haihuwa da kanta, kuma mafi yawansu suna sauka lafiya. Yagewar mahaifa ba ta cika faruwa ba, a cikin ɗari ba ta wuce ɗaya ko biyu, amma ruwan naƙuda yana ƙara haɗarinta, akwai ma magungunan tayar da naƙuda da ba a ba mai tsohon ɗinki sam. Sake aikin shi ma yana da nasa haɗarin. Ke nan Auta ba wauta ta yi ba, mijinta kuma bai yi sakaci ba da ya bar ta ta zaɓa. Hanya ce da likita da kansa ya shimfiɗa musu, jikin kuma nata ne.

Inda kake da gaskiya shi ne wajen kulawa. Likitar ta ce irin wannan naƙuda ba a ɗauke mata ido: ana bin bugun zuciyar jariri, ɗakin tiyata yana shirye, kuma ciwon da ya tsaya a kan ɗinki ba ya lafawa alama ce da ba a wasa da ita. Ban san abin da ya faru a ɗakin ba, kai ma ba ka sani ba, wani lokaci ana yin komai daidai abin ya zo kamar ƙiftawar ido. Amma kuna da haƙƙin ku nemi zama da babban likitan sashen ya yi muku bayani dalla-dalla, in akwai sakaci ku kai kuka a rubuce, ko don matar da za ta hau gadon gobe. Fushinka yana da inda zai yi amfani. Sai dai wanda asibiti zai saurara shi ne mijinta, mutumin da kake tayar wa inji.

Sai maganar ƙarfe. Naman mutum ba ya bin dokar walda, tabon mahaifa bai kai sauran jikinta ƙarfi ba. Ba ka sani ba, kuma ba wanda zai tuhumi uba don ya ga 'yarsa tana kuka ya lallashe ta da abin da ya iya. Da niyyarta ta zo shagonka, kuma ta ji bayanin likita da kunnenta kafin ta ji naka. Amma na lura ba wanda ya tambaye ka labarin rodin nan, kai ka kawo shi, ka kuma sake dawowa kansa. Ina jin nauyin da kake ɗauke da shi ya fi ƙarfin wuyanka, shi ya sa kake neman kan da za ka ɗora wa. Surukinka ya san labarin, yana da bakin da zai jefe ka da shi tun ranar farko, kullum kuma sai ya zo ya durƙusa ya tafi da shi a cikinsa. Ka kira wannan raini. Ni kara na gani, irin wadda ba kowane ɗan cikinka zai yi maka ba. Kuma kar ka manta, tambayar da kake masa, me ya hana shi tsayawa, da tambayar nan yake kwana yana tashi ba tare da ka taya shi ba.

Tsoronka na gobe ba na banza ba ne, ana yi, mun gani. Amma ba a yanke hannu yau don gudun kar ya yi ciwo baɗi. Mutumin da ya ba da jininsa, ya jure wata biyu a jikin bango, ya nuna irin nasa riƙon. In kana son alkawari a kan yadda danginsa za su riƙe ta, ka nema a gaban kawun nasa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Auren da miji ke so, mata ke so, uba ba shi da hurumin tsinka shi, ko a addini ko a hankali. In ka matsa ya sake ta don kunyarka, Auta za ta rasa ɗa, ta rasa mahaifa, ta rasa miji a shekara ɗaya, na ukun kuma da hannunka. Za ta zauna a gidanka, amma juya fuskar nan ba zai ƙare ba.

Ga abin da nake roƙonka. Ka aika wa kawun ka ce zaman na shawara ne, ba na rabuwa ba. Ka je da ƙafarka ka dawo da ƙanwarka, domin Auta tana bukatar mace a kusa. Rashin ci da rashin maganar nan a gaya wa likita in ta koma a duba ta, baƙin ciki irin wannan yana zama ciwo, kuma ana maganinsa. Sannan ka shiga ɗakin ka zauna, ka gaya mata abin da ke hana ka barci game da ranar da ta zo shago. Ba sai ka tsara magana ba. Ina kyautata zaton ita ma tana can tana ɗora wa kanta laifin duka, tana ganin ta jawo wa mijinta wulaƙanci, ta jawo maka baƙin ciki, ba ta da wanda za ta gaya wa.

Abu na ƙarshe shi ne mafi gaggawa. Mutum biyu ne suka haifi yaron nan, kuma har yau ba a bar su sun yi kukansa tare ba. Ita ba ta gan shi ba. Wanda ya san nauyinsa a hannu, wanda zai iya gaya mata da wa ya yi kama, yana tsaye a waje. Ta ce maka ka bar shi ya shigo, kuma ba ciwo ne ya yi magana ba, ita ce. In amsa gaisuwarsa ta yi maka nauyi yau, kar ka tilasta wa kanka. Ka bar ƙofa a buɗe, ka ce da mai agogo ya raka ka wani wuri, ku daɗe ba ku dawo ba.

Allah ya sanyaya zuciyarka, Baba, ya ba Auta da mijinta dangana, ya raya muku amaryarka, ya bar ku tare.